Yaya kuke wanke burushin kwalliya a lokacin bukukuwa?

Ƴar Garin Malam

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu sana'ar kwalliya. Shawara nake nema. Ban daɗe da fara yi wa amare kwalliya a nan Damagaram ba, gida-gida nake bi da akwatina a kan kabu-kabu. Saiti ɗaya gare ni, wanda yayata ta sayo mini a Kano: burushi goma sha biyu da soso biyu. Yanzu da azumi ya matso bukukuwa sun cunkushe. Wata ranar in na gama da amarya sai ƙawayenta su jeru, daga nan uwar biki ta ce a ɗan shafa mata ita ma.

Babban burushin hodata ya fara zubar da gashi a fuskar mutane, wanda nake shafa fandeshan (man da ake fara shafa wa fuska kafin hoda) da shi kuma ya yi tauri, sosunan ma sun fara wani bashi-bashi. Wata maƙwabciyata ta ce in jiƙa su a ruwan zafi da omo su kwana. Kafin in yi, na ce bari in tambayi waɗanda suka riga ni. Da wane sabulu kuke wankewa? Tsakanin wannan fuska da waccan me kuke yi? Kun dai san pamponmu, wata rana sai mai ga-ruwa.

Hajiya ta Zango

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya sa wa sana'a albarka. Don Allah kada ki bi maganar ruwan zafin nan. Ɗauki burushi ɗaya ki duba: akwai gashi, akwai ƙarfen da ya riƙe shi, akwai mariƙi na katako. Gam ne kawai ya haɗa ukun nan a cikin ƙarfen. Ruwan zafi yana sassauta gam ɗin, jiƙon kwana kuma yana kumbura katako, in ya bushe fenti ya tsage, ƙarfen ya fara girgiɗi. Omo kuwa don tufafi aka yi shi, yana busar da gashi har ya riƙa karyewa, ragowarsa kuma ta ci fuskar mutum.

Ruwa kaɗan aikin yake so, buta ɗaya tana isar mini saiti guda. Nakan samu kofi biyu da ƙaramin faranti. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi. A bazara ma in kin ajiye buta a tsakar gida na ɗan lokaci ya isa. Ki riƙe burushin kansa na kallon ƙasa, ki tsoma bakin gashin kaɗai, kada ruwa ya kai ga ƙarfen. Ki ɗiga shamfun jarirai a tafin hannunki, ko ki goga gashin a kan farin sabulu marar turare, ki riƙa juya shi a tafin hannu a hankali har kumfar ta ɗauki launin hodar. Ki ɗauraye a kofi na farko, ki sake sa sabulu in akwai saura, sannan ki ɗauraye a na biyu har ki ga ruwa ya fita fes. Kada ki murɗe shi. Matse shi za ki yi da yatsu a cikin tawul mai tsabta, ki gyara masa baki ya koma yadda yake.

Wajen shanya ne yawancin ƴan mata ke kashe kayansu. Sai su tsayar da burushi jiƙe a cikin kofi, gashi sama, ruwan ya gangara cikin ƙarfen ya zauna a kan gam. Ina zaton abin da ya samu na hodarki ke nan, ko kuma dama gam ɗinsa bai yi ƙarfi ba, don masu arahar nan haka suke. Kwantar da shi za ki yi a bakin tebur, mariƙin a kan tebur, gashin yana leƙo waje iska na ratsa shi ta ko'ina. A cikin ɗaki, a inuwa. Mu a nan Allah Ya ba mu busasshiyar iska; ban da damina, abin da kika wanke bayan isha'i kafin hantsi ya bushe. Da hunturu sai ki yafa musu siririn mayafi, in ba haka ba ƙura ta mayar miki da aiki baya.

Wanda ya yi tauri da fandeshan, maiƙo ne ya daskare a cikinsa. Ki ɗiga man zaitun ɗigo biyu a faranti, ki juya gashin a ciki, ki goge a tsumma, za ki ga dattin na fita. Bayan nan ki wanke da sabulu sau biyu don man ya fita duka.

Sai dai gaskiyar da zan faɗa miki, ɗiyata, saiti ɗaya ba ya yin biki. Ba sai mai tsada ba. Ki zagaya kasuwar Dole ki ƙaro na fandeshan biyu, na ido uku ko huɗu, da soso da yawa. Ki yi jaka biyu, ɗaya ta masu tsabta, ɗaya ta waɗanda suka taɓa fuska. Wanda ya shiga ta biyun ba ya fitowa sai wurin wanki. Amarya kuma a fara da ita, da kayan da ba su taɓa kowa ba.

Ma'aikaciyar jinya

Sannunku da aiki. Ni ba mai kwalliya ba ce, amma abin da burushi ke ɗauka muna ganin sa a wurin aiki, shi ya sa na sa baki. Hajiya ta gama magana a kan wanki, ni ta wajen ƙwayoyin cuta zan ƙara.

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ce mace ta wanke burushinta duk kwana 7 zuwa 10. Wannan fa ga wadda ita kaɗai ke amfani da kayanta ne. Ke da kike taɓa fuskoki da yawa, naki wankin na kowace ranar aiki ne. A 2019 masu bincike a Jami'ar Aston da ke Birmingham a Ingila sun gwada kayan kwalliya 467 waɗanda mata ke amfani da su. Kusan tara cikin goma sun same su da ƙwayoyin cuta, ciki har da Staphylococcus aureus, mai kawo maruru da hazbiya, da E. coli wadda mazauninta hanji ne. Soso ne ya fi kowanne datti: kashi 93 cikin 100 ba a taɓa wanke su ba, kashi 64 kuma sun taɓa faɗuwa ƙasa aka ci gaba da aiki da su. Dalilin a fili yake, ana jiƙa shi kafin a yi aiki, a jefa shi cikin jaka da laimarsa. Warin da kika ji a naki alama ce ya riga ya ruɓe ta ciki, ki yar da shi kawai.

Tsakanin fuska da fuska, ki sayi alkol mai lamba 70, wato mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a farmasi, irin wanda muke goge wurin allura da shi, ki zuba a ƴar kwalbar feshi. Ki fara goge burushin a takarda mai laushi har launi ya daina fita, sannan ki fesa, ki bar shi ya bushe da kansa kafin ya taɓa wata. Mai lamba 70 ya fi mai 90 aiki, domin ruwan da ke cikinsa yana hana shi saurin bushewa, ya samu lokacin kashe ƙwayar. Ki nisanta shi da kaskon turaren wuta, don yana kama wuta, ɗakin amarya kuwa ba ya rabuwa da garwashi.

Abin da ya fi damuna shi ne ido da leɓe. Apolo yana bin tsinken kwalli da burushin maskara daga ido zuwa ido, kuma alkol ba ya kashe ƙwayar apolo yadda ake so. In kin ga ido ja ko yana kwantsa, ki ba ta haƙuri, kada ki sa masa komai. Haka mai ƙuraje masu ruwa a leɓe, irin waɗanda ke fitowa bayan zazzaɓi, suna yaɗuwa ta jan-baki. Kada ki ɗora sandar jan-baki a bakin kowa; ki kankaro kaɗan a kan faranti mai tsabta ki ɗiba daga nan. Maskara kuma wata uku ne bayan an buɗe ta.

Ƴar Garin Malam

Na gode ƙwarai, Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Anti, ke ma Allah Ya saka da alheri. To amma sabulun salo fa? Shi ne ba ya yanke mana a gida. Sannan ta yaya zan gane gashin burushina na dabba ne ko na roba? Babu abin da aka rubuta a jikinsu. Maganar mai jan ido kuma tana da nauyi, Anti, ƙawar amarya ce fa za ki ce wa a'a a gaban mutane.

Maman Ƴan Biyu

Ƙanwata, ni da salo nake wanke nawa kuma ban ga laifinsa ba, yana cire maiƙo sosai. Sai dai a narka ɗan kaɗan a ruwa a tace, don wani yana da tsakuwa-tsakuwar toka. A nan ne na ɗan saɓa da Hajiya, Allah Ya huci zuciyarta: ni ba na sa man zaitun a burushin roba, don in bai fita duka ba washegari hoda sai ta dunƙule. Ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanoni ya fi mini.

Mai jan ido kuwa, ba a gaban mutane ake faɗa mata ba. Ki ja ta gefe ki ce kwalli zai ƙara mata ciwon, ki gyara mata gira da kumatu sosai da soson da za ki bar mata ta tafi da shi. Ban taɓa ganin wadda ta yi fushi ba. Ni tun ranar da ake cinikin aiki ma nake gaya wa amarya kowace ƙawa ta zo da kwallinta da maskararta.

Hajiya ta Zango

Babu komai, Maman Ƴan Biyu, maganarki tana kan hanya. Ga na roba sabulun kwanoni ya wadatar, man zaitun ɗin na wanda ya riga ya daskare ne. Salo dai ina jin tsoronsa a kan gashin dabba, yana da kaifi, yakan bar shi ƙiƙam.

Ɗiyata, ganewar ba wuya. Na roba yana da sheƙi da santsi, silin duk kaurinsu ɗaya, yawanci an rina bakinsa fari ko wani launi. Na dabba, wanda galibi gashin akuya ne ko na doki, ba ya sheƙi, kuma in ya jiƙe za ki ji ɗan warin dabba. Saitin da ake kawo mana daga Kano kusan duk na roba ne, kuma ga mai aikin biki shi ya fi, tunda ba ya shan fandeshan, yana jure alkol, yana saurin bushewa. In kin samu na akuya ki bar shi wa hoda da jan kumatu kaɗai, ki wanke shi da shamfu.

Wanda ke zubar da gashin nan kuwa, kama ƙarfen ki girgiza. In mariƙin ne ke motsi, zare shi ki sa gam ki mayar, ki bar shi ya kwana. In kuwa gashin ne ke fitowa tuttu-tuttu daga cikin ƙarfen, ba ya gyaruwa, sai dai ki sayi wani kafin biki na gaba.