Don Allah a warware mani batun ne...pas a Faransanci

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin WAEC ne, malaminmu ya ce in za a kore magana a Faransanci sai a sa aikatau tsakanin ne da pas, kamar je ne mange pas. To amma direbobin Maraɗi da ke shigowa ta Jibiya ni dai je sais pas da c'est pas bon nake ji a bakinsu, babu ne ɗin sam, wa ke da gaskiya kenan? Kuma mi ya sa j'ai un stylo ke komawa je n'ai pas de stylo, ina un ɗin ya tafi?

Malama 'Yar Daura:
Wa alaikumus salam ƙanena. Dukansu suna da gaskiya. A hira har Faransawan Paris suna yar da ne, amma a takardar jarrabawa kar ka kuskura, maki zai tafi a banza. Mu Hausawa ma abin bai kamata ya ba mu wuya ba tunda muna da ba...ba, ban ci ba, je n'ai pas mangé, sai dai ka lura a nan pas ɗin bai jira ƙarshen jimla ba, yana manne da kalmar ai sannan mangé ya biyo, nan ne ɗalibaina suka fi zamewa wallahi. Ne kuma yana zama n' in wasali ya biyo baya ko h ɗin da ba a furtawa, je n'habite pas.
Batun alƙalami, un, une, des, du da de la duk de suke komawa bayan korewa, je n'ai pas d'argent. Amma ban da être, shi sai ka ce ce n'est pas un stylo.

Baban Ummi Mai'aduwa:
Malama Allah ya ƙara basira. Ni a zirga-zirgar Damagaram na tsinci nawa, abin da zan ƙara shi ne ba kullum ake sa pas ba, akwai jamais, plus, rien da personne, kuma in suka zo pas fita yake. Il n'y a plus d'essence, mai ya ƙare kenan. Je n'ai rien vu amma je n'ai vu personne, shi personne sai bayan vu yake zama. Ka yi hattara da ne...que, kamar korewa yake amma kawai yake nufi, je n'ai que mille francs jaka ɗaya ce kaɗai gare ni.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai Malama, na gode Baba. To ne pas fumer da nake gani a jikin allo fa, ya aka yi suka haɗu wuri ɗaya?

Malama 'Yar Daura:
Saboda fumer bai ɗauki mai aikatawa ba, yana nan yadda yake a ƙamus, sai su biyun su zo gabansa tare. Kuma in aka tambaye ka tu ne viens pas? alhali za ka zo, si za ka ce, ba oui ba.