Barade ko dakaru: su wa suka ci Sham da Iraƙi?

Malam Habu: Zancen da ake yawan yi cewa a bayan doki Musulmin farko suka ci Sham da Iraƙi, ni dai ban yarda da shi ba. A Badar, shekarar 624, dawaki biyu ne kacal, raƙuma wajen 70, mutum 300 da 'yan kai. Daga nan zuwa Yarmuk, yaƙin da aka yi da Rumawa a Sham, shekara 12 ce. Ginshiƙin rundunar dakaru ne masu mashi da garkuwa, sai maharba.

Lawal: Allah gafarta Malam, Uhudu fa? Maharba 50 aka ajiye a kan tudu, da akasarinsu suka sauka sai Khalid bn Walid, lokacin bai musulunta ba, ya kewayo da dawakin Ƙuraishawa ta baya, yaƙi ya juye. A Yarmuk ma shi ne ya riƙe barade yana kai ɗauki duk inda sahu ya yi rauni. Kuma in doki ba shi da wannan daraja, me ya sa rabon ganimar mahayi kaso uku ne a wajen Malik da Shafi'i, na ƙasa kaso ɗaya?

Malam Habu: Ai Uhudun shaidata ce. Muddin maharba na wurinsu, dokin bai samu ƙofa ba. Ganima kuwa, kaso biyu na dokin ne saboda ɗawainiyarsa, Abu Hanifa ma ɗaya ya ba shi.

Hajiya Binta: Ku biyun kun tsallake raƙumi. Doki na shan lita 20 zuwa 40 a rana, ya fi haka in ana zafi, ga sha'ir da za a ɗauko masa. Raƙumi kuwa sai ya yi kwanaki bai sha ba. Shi ya sa a tafiya raƙumi ake hawa, a ja doki a gefe ba mahayi, sai an hango abokan gaba a sauya. Wanda ya hau dokinsa tun daga gida zai isa fagen fama da dabbar da ta riga ta galabaita. A tafiyar Khalid daga Iraƙi zuwa Sham a 634, ruwayar ta ce an ƙishirtar da raƙuma, aka shayar da su har suka ƙoshi, aka ɗaure bakinsu kada su yi tuƙa, ana yankawa a kowane zango ana ba dawaki ruwan cikinsu. Akwai masana tarihi da ke shakkar wannan labarin, amma dai ya nuna wa ke ɗauke da wa.

Lawal: Na karɓi wannan, Hajiya. Sai dai kawo mutum fage daban, cin yaƙi daban. In sahun abokan gaba ya watse, na ƙasa mai sanye da sulke da kwalkwali ba zai iya bin su ba. Ba barade, gobe su sake haɗuwa su dawo.

Injiniya Kabiru: Ku duba likkafa. Al-Mubarrad, malamin harshen Larabci, ya ruwaito cewa ta katako ake amfani da ita, sai sarkin yaƙi Muhallab bn Abi Sufra, wanda ya rasu a 702, ya sa aka ƙera ta ƙarfe lokacin yaƙinsa da Azariƙa, wata ƙungiya ta Hawarijawa. Matsalar ta katako ita ce, in mahayi ya miƙe ya dogara a kanta don kai sara, ko aka sare ta, sai ta karye, ya rasa madogara. To wannan gyara ya zo ne bayan Yarmuk da Ƙadisiyya, yaƙin da aka yi da Farisawa a Iraƙi, da shekaru gommai.

Lawal: Farisawa da Rumawa sun daɗe suna da barade masu sulke tun kafin likkafa. Sirdi mai kyau yana riƙe mutum.

Injiniya Kabiru: Haka ne, kuma su ne aka ci. Dabarar dakaru masu mashi ma ba ta mutu da wuri ba. A yaƙin Zab, 750, mutanen Khurasan na Abbasiyawa sauka suka yi daga dawaki, suka durƙusa suka kafa tsinin masunsu, baraden Marwan na biyu, halifan Umayyawa, suka faɗo a kai. Doki ba ya son afka wa tsinin da bai motsa ba. Sharaɗin shi ne kada kowa ya tashi, in mutum biyu uku suka tsorata suka ja baya, giɓin nan ta nan za a shigo.

Hajiya Binta: Hoton da Lawal ke gani na zamanin halifan Abbasiyawa Mu'utasim ne, 833 zuwa 842, da ya tara Turkawa masu harbi a kan doki har ya gina musu Samarra a 836. Su kam ba sa afka wa masu, daga nesa suke ruwan kibau suna kewayawa har sahun ya buɗe da kansa.