Kalmar "usted" ta tsaye mini a wuya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata 3 ke nan ina koyon Sifaniyanci, amma wakilan suna sun ɗaure mini kai. "Yo" da "tú" sun zauna daram. Matsalata "usted" ce. An ce ta girmamawa ce, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". To me ya sa aikataunta yake zuwa irin na "él" da "ella"? "Usted habla", "él habla", duk ɗaya. Jiya na rubuta "usted hablas", malamina ya zagaye ta da jan biro.

Kuma tunda sukan jefar da wakilin sunan, in na ji "habla" kaɗai, yaya zan gane da ni ake ko da wani? Don Allah masana ku warware mini.