Wuyana ya ƙi saki bayan hatsari, maganin gargajiyar Koriya zai yi?

Ɗan Mile 12: Assalamu alaikum. Sati uku ke nan danfo, wato bas ɗin haya, ta daki kekenmu ta baya a Ketu nan Legas, ina dawowa daga kasuwa. An yi hoto, likita ya ce babu karaya, ya ba ni ƙwayoyi. Amma har yau in zan waiwaya sai da duka jikina, sujada ma da ƙyar. Ƙanena ya ce a Koriya ta Kudu allurai ake tsira wa mai irin wannan ciwo. Da gaske yana aiki?

Malam Sani Agege: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Na zauna can lokacin karatu. Likitocin gargajiyarsu shekara 6 suke yi a jami'a, su ci jarrabawar gwamnati kafin su taɓa mutum. Inshorar mota ce ke biyan kuɗin jinyar hatsari, shi ya sa wanda aka buga wa mota ta baya yakan wuce wajensu. Suna tsira siraran allurai, su yi ƙaho, su ba da jiƙo, sai wani tausa da gyaran gaɓoɓi da suke kira chuna, wanda inshorar lafiyar ƙasar ta fara biya a 2019. Ciwon wuya da na baya irin naka suka fi gani, kuma mutane da yawa suna samun sassauci. Wanda ya karye ko ya fasa kai kuwa, motar asibiti ba ta kai shi can. Kamfanonin inshorar ma suna ƙorafin ana jan jinyar don kuɗi.

Maman Khadija: Ni nas ce. Ɗan'uwa, kafin maganar Koriya, hannunka yana sagewa? Yatsu suna mutuwa? Akwai jiri ko amai? In akwai ko ɗaya, gobe ka koma asibiti, don hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. In babu, ka nemi sashen gashin ƙashi a asibitin ƙashi na Igbobi. Allura tana iya rage zafi, ban musa ba, amma kada ka bari kowa ya murɗa maka wuya.

Baba Idi-Araba: Ƙaho kuma sai an je Koriya? Wanzamin unguwarmu tun kafin a haife ku yake yi. Abin da ya bambanta mu da su takarda ce. Yaron maƙwabcina ya faɗi a babur, aka kai shi wajen mai ɗori aka ɗaure tamau, sai da ƙafar ta kumbura ta yi baƙi aka tuna da asibiti.

Ɗan Mile 12: Na gode ƙwarai. Maman Khadija, ƙaramin yatsana na hagu yakan mutu da asuba, ban faɗa wa likitan ba don na ɗauka kwanciya ce. Sai an ba ni takarda daga inda aka fara duba ni, ko zan iya zuwa Igbobi kai tsaye?