Yaya aka yi gasar besbol ta Cape Cod ta kai inda take a yau?

Mai_Neman_Sani:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Gasa ce ta ƙauyukan bakin teku a jihar Massachusetts ta Amurka, ba a biyan 'yan wasa, ba a ma karɓar kuɗin shiga. To me ya sa manyan kulob na MLB, babbar gasar besbol ta ƙwararru a Amurka, ke tururuwa can duk bazara?

Tsohon_Ɗan_Kallo:
Wa alaikumus salam. Tun wajen 1885 garuruwan yankin ke karawa, amma a 1923 aka kafa gasar da ƙungiyoyi huɗu: Falmouth, Chatham, Hyannis da Osterville. Ta durƙushe bayan kakar 1939, aka tashe ta a 1946. A 1963 aka sake mata fasali ta koma ta ɗaliban jami'a ƙarƙashin dokokin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Dalilin rashin albashi ke nan, in ɗalibi ya karɓi albashin buga wasa a gasar, ya rasa damar buga wa makarantarsa. Da Bourne da Brewster suka shigo a 1988 ƙungiyoyin suka cika goma, ana wasa daga Yuni zuwa Agusta.

Malam_Kididdiga:
Sandar bugu ce ta ɗaga ta, Malam. Daga 1974 zuwa 1984 da ta alminiyom ake wasa, har Cory Snyder ya tsallakar da ƙwallo bayan shinge sau 22 a 1983. A 1985 suka koma ta katako, irin ta ƙwararru. Ta ƙarfe tana rufa wa mai bugu asiri: ko ƙwallo ta same ta kusa da mariƙi, za ta yi nisa. Ta katako kuwa wurin da ke bugu da kyau ɗan kaɗan ne. Mai jifa ya matso da ƙwallo jikinka, ka makara, sai ka ji ƙas, sanda ta tsage, hannu ya ɗauki zogi. A nan masu farautar 'yan wasa ke gane wanda hannunsa ke da sauri da gaske. Cikin taurarin MLB, Frank Thomas ya bi ta ƙungiyar Orleans a 1988, Aaron Judge ta Brewster a 2012.

Hajiya_Mai_Masauki:
Kada a manta da mutanen gari. Iyalai ne ke sauke yaran nan a gidajensu, 'yan sa kai ke gyaran fili, gudummawar 'yan kallo ke taimakawa. Matsalar yanzu ita ce riƙe 'yan wasa. Tun da MLB ta mayar da zaɓen sababbin 'yan wasa watan Yuli a 2021, ana tsakiyar kaka wasu ke tafiya. Kociyoyin jami'a kuma na ƙayyade jifan da yaransu za su yi don gudun ciwon gwiwar hannu, dole a cike gurbi da masu kwantiragin wucin gadi.

Mai_Neman_Sani:
Na gode ƙwarai. Sunayen kulob ɗin fa, na ga wasu sun canza?

Tsohon_Ɗan_Kallo:
Batun haƙƙin mallakar suna ne da MLB. A 2009 Chatham ta bar Athletics ta zama Anglers, Orleans ta bar Cardinals ta zama Firebirds, Hyannis ta sauya Mets da Harbor Hawks a 2010. Yarmouth-Dennis dai ta riƙe Red Sox ɗinta.