Me ya sa tanjan na digiri 90 ba shi da amsa?

Ɗalibi daga Garwa:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ina shirin jarrabawar bakaloreya. A gwajin makon jiya na rubuta cewa tan 90°, wato tanjan na digiri 90, adadi ne marar iyaka, sai malaminmu ya soke shi da jan biro, ya rubuta a gefe cewa ba shi da ƙima. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na danna tan 89 a kalkuleta na samu 57.29, tan 89.9 ya ba ni 572.96, tan 89.99 kuma 5729.58. Tunda adadin hauhawa yake yi babu tsayawa, ina kuskurena?

Malamin lissafi, Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Binciken da ka yi daidai ne, sai dai ta ƙofa ɗaya kaɗai ka leƙa. Danna tan 90.1, za ka ga −572.96. Tanjan dai sin ne a raba shi da kos (adadai biyu da ke sauyawa tare da kusurwa), kuma yayin da kusurwa ke matsowa 90, sin yana kusantar 1, kos kuma yana ƙanƙancewa zuwa sifili, shi ya sa sakamakon ke kumbura. Da zarar an tsallake 90 sai kos ya ɗauki alamar ragi, sakamakon ya faɗo daga can ƙololuwa zuwa can ƙarƙashin sifili. To, wanne za ka zaɓa ka ce shi ne tan 90°, na sama ko na ƙasa? Babu adadin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa, kuma ba a raba 1 da sifili. Abin da ya halatta ka rubuta shi ne inda tanjan ya dosa ta hagu (ƙasa da 90) da inda ya dosa ta dama (sama da 90), kowanne daban. Haka zancen yake a 270° da −90°, domin tanjan yana maimaita kansa bayan kowace digiri 180.

Mai aikin safiyo, Ngaundare:
Ƙanena, kana iya ganin abin da idonka a tsakar gida. Kafa sanda mai tsawon mita 2 a miƙe. Idan ka raba tsawonta da na inuwarta, ka samu tanjan na kusurwar da rana ta ɗaga daga ƙasa. A digiri 45 inuwar mita 2 ce, a 89 ba ta wuce santimita 3.5 ba, a 89.9 kuwa milimita 3.5 ce kacal. Ku a Garwa sau biyu a shekara rana ke bi ta tsakar ka, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, kuma a wannan tsakar ranar inuwa takan shige ƙarƙashin sandar, ba abin da za ka raba da shi.

Mai koyar da kwamfuta, Njamena:
Malam ya gama magana, gargaɗi ɗaya zan ƙara. Idan ka nemi tanjan na rabin π (wato digiri 90 a ma'aunin kusurwa na rediyan) a Python, harshen shirya manhajar kwamfuta, ba zai ƙi ba, zai ba ka kusan 1.633 × 10¹⁶. Kada wannan ya ruɗe ka, domin kwamfuta ba ta riƙe π cif-cif, saboda haka kusurwar da ta lissafa ta gaza digiri 90 da ɗan ƙiris. Sannan ka duba kalkuletarka kafin jarrabawa: idan tana kan rediyan maimakon digiri, tan 90 zai ba ka −1.995.

Ɗalibi daga Garwa:
Na gode, Malam, na gode yayyena. Na danna 90.01 na ga −5729.58. Sandar kuma sai Afrilu in Allah ya kai mu.