Cirali: wa ya taɓa zuwa ya ba mu haske?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Baban Hanif ya samu hutun kwana biyar, muna so mu ɗan bar Ankara da yara biyu da kuma Hajiyarmu, wadda ta zo ganin likita kuma ta samu sauƙi alhamdu lillahi. Maƙwabciyata Baturkiya ta ce mu je wani ƙauye, Cirali, a bakin teku can gefen Antaliya. Wa ya san wurin? Hayaniya ce dai ba ma so.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Maƙwabciyarki ta san abin da take faɗa. Sau biyu na je. Ƙauye ne ɗan ƙarami a ƙaramar hukumar Kemer, wajen kilomita 80 daga Antaliya. Gabansa Bahar Rum, bayansa da gefunansa duwatsu da dajin gwamnati na Beydaglari, wanda aka keɓe tun 1972. Ba dogayen otal-otal irin na cikin Kemer. Masaukan ƙananan ɗakunan katako ne a cikin lambunan lemo da rumman, masu gidan ne ke dafa muku karin kumallo. Da asuba zakara ne zai tashe ki.

Auta: Yaya, a allon hanya Çıralı ake rubutawa, kada ku wuce. Daga babbar tashar Antaliya ku hau bas mai zuwa Kumluja, ku ce wa direba a mararrabar Cirali za ku sauka. Daga nan akwai gangara ta kilomita 7 mai kwana-kwana, ƙananan bas ɗin da suke kira dolmush ke sauka da mutane. Mu mun iso mararrabar bayan magariba, ba mota ko ɗaya, sai da mai masaukinmu ya hau ya ɗauke mu. Da tsohuwa da yara, gara ku yi hayar mota tun daga filin jirgi.

Maman Hanif: Na gode Auta. Wane lokaci ya fi? Mu Agusta muke tunani.

Baban Sadiq: A'a ƙanwata, ku ɗaga in da hali. Zafin Agusta a can ba irin na gida ba ne, mai laima ne, gumi ba ya bushewa, ga cunkoso, ga tsadar ɗaki. Ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ne lokacinsa. Ruwan teku na nan da ɗuminsa, rumman ta nuna, mutane sun ragu.

Malama Ta Konya: Ina goyon bayan Baban Sadiq, amma bari in faɗi abin da ya sa ƙauyen ya tsira da kamanninsa, don ku je kuna sane. Kunkuru ne. Manyan kunkurayen teku da ake kira karetta karetta suna fitowa wannan gaɓar da dare tun daga Mayu, uwar ta tona rami a yashi ta zuba ƙwai ta rufe ta koma ruwa. Bayan kusan wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su ma da dare, su nufi inda ya fi haske, wato fuskar teku. In akwai fitila a bayansu sai su juya su bi ta, gari ya waye musu a kan tudu, rana ko tsuntsaye su gama da su. Saboda su aka taƙaita gine-gine a bakin ruwan, ake hana zama da kunna wuta a gaɓar da dare a wannan lokaci. Za ku ga kejin ƙarfe an kifa a kan yashi, kowane ɗaya gurbin ƙwai ne.

Ni na yi sa'a. Wata safiya bayan sallar asuba na tarar da masu sa-kai suna duba wani gurbi, na ga 'yan mitsi-mitsi, ba su kai tafin hannun yaro ba, suna ja da ciki zuwa ruwa. Ba wanda ya ɗauke su, an ce dole su yi tafiyar da kansu. Na tsaya ina tasbihi, hawaye na zuba. Maman Hanif, ki ja wa yara kunne tun daga gida: ba tona yashi kusa da kejin, ba haska waya.

Maman Hanif: Allahu akbar. To in mun je a Oktoba ai mun rasa wannan ke nan?

Malama Ta Konya: Galibi sun gama zuwa lokacin. In ganinsu ne burinku, farkon Satumba, ku jure ɗan zafi. Amma kada ki yi wa yara alkawari, rabo ne.

Ɗan Zinder: Ba wanda ya ambaci wutar dutse! Hajiya Maman Hanif, ko me za ku bari kada ku bar Yanartash. A gefen dutsen da ke bayan ƙauyen wuta ke fitowa daga tsagar duwatsu, ba itace ba mai, iskar gas ce ke tasowa daga ƙasa tana ci. Fiye da shekara 2,000 tana nan, har an ce matuƙan jiragen ruwa na da da ita suke gane gaɓar cikin dare. A ƙasanta akwai kangon ɗakin bautar Girkawa na abin da suka ɗauka ubangijin wuta da ƙira. Ku hau gab da faɗuwar rana, ku ga harshen wutar da kyau, ku sauko da tocila. Ana biyan kuɗin shiga a ƙofa.

Baban Sadiq: Gaskiya ne, sai dai a faɗi duka. Hawan ya kai kilomita 1, matakalar dutse ce, ba a daidaita ta ba, wasu takun dogaye. Wanda ya tashi daga jinya bai kamata ya gwada ba. A gindin akwai wurin zama da shayi, Hajiya ta jira a nan. Kuma a riƙe hannun Hanif, dutsen da ke kusa da wutar yana ƙuna.

Ɗan Zinder: Haka ne Alhaji, na manta da batun Hajiya. A yi min afuwa.

Auta: Abin da zai dace da ita Ulufinar ne, can sama kusa da babban titi. Gidajen abinci ne a ƙarƙashin manyan bishiyoyi, an kafa dandamalin katako a kan ruwan ƙorama mai sanyi, ki zauna a kan kilishi da matashi kamar a gida. Ku nemi kifin alabalik gasasshe. A cikin ƙauyen kuma gozleme, wata siririyar gurasa da mata ke murzawa a gabanki, a sa cuku ko dankali ko alayyafo. Yara ba sa ƙin ta.

Maman Hanif: Sai tambayar da ta fi damuna. Sallah fa, da kuma yanayin shigar mutane a bakin ruwa? Kun san Hajiya.

Malama Ta Konya: Akwai masallaci a ƙauyen, ana jin kiran sallah. Nama ba damuwa, amma yawancin gidajen abincin bakin ruwa suna sayar da giya, kuma baƙi Turawa suna shigarsu ta wanka. Ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya taimake ni shi ne tsawon gaɓar, wajen kilomita 3 ce. Ku yi can ƙarshen arewa da sassafe, kusan ku kaɗai. Ki sayi hashema tun a Ankara, rigar wankan da ke rufe jiki. In kuna son sakewa sosai, a Antaliya akwai gaɓar Sarisu ta mata zalla, sai dai ta lokacin zafi ce. Takalmin roba ma dole, tsakuwa ta fi yashi yawa a bakin ruwan.

Baban Sadiq: Kuma kada a ruɗe ku da masaukan Olimfos, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Cirali, don sun fi araha. Gaɓa ɗaya ce, amma can na samari ne masu jakar goyo, kiɗa har dare. Ku kwana a Cirali, ku taka ta bakin ruwa zuwa kudu ku shiga kangon tsohon birnin Olimfos. Ƙorama ta ratsa tsakiyarsa, kaburburan dutse da bangaye duk daji ya haɗiye su. 'Yan fashin teku sun taɓa mayar da shi sansani kafin Rumawa su ƙwace shi a shekara ta 78 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Hanyar ciki shimfiɗaɗɗiya ce, akwai inuwa, Hajiya za ta iya a hankali.

Ɗan Zinder: Motar igiya ta dutsen Tahtali fa? Mita 2,365, minti goma kana sama, duk gaɓar a ƙarƙashinka.

Auta: Tana da kyau amma da tsada, kuma in gajimare ya rufe ƙololuwar kuɗinku ya tafi. Ku ɗaga kai ku duba dutsen da safe kafin ku tashi. A tafi da rigar sanyi.

Malama Ta Konya: Abu ɗaya na ƙarshe don Allah. Mu da son gashi, kada a hura gawayi a cikin dajin nan. Itatuwan cam ne masu ganye kamar allura, ƙaro gare su, tartsatsi ɗaya ya isa. Duk wanda yake ƙasar nan a 2021 ya tuna gobarar dajin Manavgat a yankin Antaliya.

Maman Hanif: In sha Allahu za mu kiyaye. Na karanta wa Baban Hanif duka, ya ce zai nemi a mayar da hutun makon farko na Satumba, saboda Hanif ya ji zancen kunkuru ya ƙi barci. Hajiya kuma ta ce a gaishe da Malama, ita kifin nan na kan ruwa take jira. Allah ya saka da alheri. Baban Sadiq, zan sa ya kira ka kan batun masauki.

Baban Sadiq: Ya kira bayan isha'i. Ku nemi ɗakin ƙasa marar matakala, kuma ku riƙe tsabar kuɗi a hannu saboda dolmush da masu gozleme.